Tunau da Dutsen da Ke Shan Ruwa

Tun zamanin da daji ya fi gari yawa, lokacin da mutum kan yi tafiyar kwana bakwai yamma da gulbi bai ji carar zakara ba, an yi wani maharbi da ake kira Tunau. Uwarsa ta haife shi bayan ta fid da rai da sake haihuwa, ba ta kuma daɗe ba ta rasu, saboda haka yayarsa Gwamma ce ta goya shi. Gajere ne mai faɗin ƙirji. Maganarsa ba ta da yawa, wadda yake yi ɗin ma ba daɗi gare ta ba. Maharba 'yan'uwansa kan yi masa kirari su ce: Tunau ƙanen Gwamma, mai bin jini har ya ga inda ya tsaya, ba ka dariya, ba ka ƙarya, ba ka da aboki. Babu ƙari a kirarin nan, musamman ƙarshensa.

Wata shekara da bazara ta yi tsanani, Tunau ya harbi gwanki, kibiya ta shiga amma ba ta kai makasa ba. Ya bi ɗigon jini kwana biyu yana nausawa arewa, har gorarsa ta bushe, harshensa ya yi kauri a baki. Ran na uku da hantsi ya iso gindin wani dogon tudu ja. A ƙarƙashinsa ga manyan duwatsu birjik, kamar garken shanu ya kwanta tuƙa, wani ya kai rumbu, wani ya kai ɗaki. A tsakiyarsu akwai guda ɗaya da ya jingina da tudun, wanda maza arba'in in sun kama hannun juna ba za su zagaye shi ba. A gindin wannan ya tarar da gwankin a durƙushe, yana lasar dutse.

Tunau ya matsa, ya ga gindin dutsen a jiƙe, har da gansakuka, alhali wata shida rabon ƙasar da ruwan sama. Ya tona yashin wurin da wuƙa. Kafin ya miƙe, ramin ya cika da ruwa garau, mai sanyi. Ya kifa kai ya sha har cikinsa ya yi ciwo. Masu son ƙawata labari sun ce da ya ɗago, sai ya ga gwankin ya tashi ya shige cikin dutsen, ya bar sawun kofato guda a jikinsa. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne, Tunau bai ci naman dabbar nan ba, kuma tun daga ranar ya ɗauki sawun gwanki ya zama shaidarsa.

Da wani maharbin ne, da ya sha ya cika gora ya kama hanya. Tunau ba haka yake ba. Abin da bai gane ba yakan tsaya masa a maƙogwaro. Ya kafa bukka, ya zauna har damina ta faɗi ta ɗauke, yana kallon duwatsu kamar mai kiwonsu.

Abin da ya fara ganowa shi ne dutsen nan yashi ne. In ka murza wani sashe da babban yatsa, rairayi ke biyo hannunka. A jikinsa akwai layi-layi, shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar an ninke zannuwa an ɗora. A wata fuskar ya ga irin kwarmin da ruwa kan bari a kan yashin gulbi, sak, amma ya ƙame. Ya ga 'yan tsakuwa mulmulallu a cikin cikin dutsen, irin waɗanda ruwa mai gudu kaɗai ke mulmulawa. Sai ya ce a ransa, ashe wani gulbi ya taɓa kwanciya a nan tun ba a yi mutane ba, ya tara yashinsa ya tafi, yashin ya tsufa, ya danne juna har ya zama dutse. Ya kuma lura cewa ruwa da iska kan cinye shimfiɗa mai taushi a jikin tudun, ta sama ta rasa abin da zai riƙe ta, ta ɓalle ta gangaro. Haka garken nan ya sauko, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekarun da ba mai iya ƙirgawa.

Amma babban abin da damina ta nuna masa shi ne duwatsun iri biyu ne, ko da yake ido ba ya raba su. Wani in ruwan sama ya zuba masa, sai ya shanye kamar tsumma, ya yi duhu, ya yi nauyi. Wannan ya sa masa suna mashayi. Wani kuwa ruwa kan zame a kansa ya wuce, ƙwayoyin yashinsa sun haɗe ƙam. Wannan ya kira shi kurma, don ba ya jin maganar ruwa, ta ƙarfe ma sai an daɗe ana yi. Da ya yi tono, ya tarar ƙarƙashin duwatsun yumɓu ne, wanda ruwa ba ya ratsawa. Mashaya su sha da damina, su riƙe, su riƙa saki a hankali. Ruwan ya gangara, yumɓu ya tare shi, ya fito a gindin babban dutsen nan, wanda shi kansa mashayi ne, ya kuma fi sauran duka sha. Tunau ya sa masa suna Uwa.

Fasa dutse kuwa a wajen gamji ya koya. Ya ga saiwarsa ta shiga tsakanin shimfiɗa biyu, ta yi kauri a hankali, ta raba dutsen da giwa ba za ta motsa ba. Sai ya riƙa huda ramuka a jere a kan layin, ya buga guntayen busasshen marke a ciki, ya zuba musu ruwa safe da yamma. Itace ya kumbura, dutse ya buɗe. Kurma kan ɗauki kusan wata kafin ya yarda. Mashayi kwana uku ya ishe shi.

Da kaka ya koma garinsu, ya tarar rabin mutane a zaune da kumburarrun ƙafafu, kurkunu ya kama su saboda ruwan tafki. Gwamma ta saurari labarinsa, ta ɗaura kayanta ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Gida bakwai suka biyo su. Ruwan da ya ratsa dutse ba ya ɗauke da kurkunu, kuma cikin shekara biyu gida bakwai suka zama talatin. Dutse ya shiga duk rayuwarsu. A kansa suke ɗora rumbu don gara, da shi suke wasa wuƙa da lauje, jan garinsa mata ke shafe ɗaki da shi, ƙarƙashinsa awaki ke fakewa. Gwamma ce ta fara niƙa a kan kurma, gari ya fito kamar auduga. Ta gwada mashayi sau ɗaya, ta sa garin a baki, ta tofar, ta ce wannan ko kare ba za ta dama wa ba, rabinsa yashi ne.

Nan Tunau ya kafa doka guda, ita kaɗai ya taɓa kafawa: a sari kurma, a bar mashayi. Mashayi a cikin gari guba ne ga haƙori, a gindin tudu kuwa shi ne randar gari. Kowane dutsen niƙa da ya fito daga hannunsa yakan sassaƙa masa sawun gwanki a gefe, ya kuma koya wa fatake gwaji: ku zuba ruwa, in ya zame ku ɗauka, in ya shanye ku jefe ni da shi. Sunan duwatsun ya kai garuruwan da Tunau bai taɓa jin sunansu ba. Gishiri da kanwa da saƙi suka riƙa shigowa.

A wannan lokacin ne wani ayari ya yar da ɗan dakonsa a bakin marmaron, don kurkunu uku sun fito masa a ƙafa ɗaya, ba ya iya takawa. Sunansa Barmo. Tunau ya saɓo shi a kafaɗa ya kai shi gida. Gwamma ta yi kwana arba'in tana naɗe tsutsar a jikin tsinke, kullum kaɗan, tana ba shi kunu a baki. Da ya warke ya ce ba shi da uwa sai Gwamma, ba shi da uba sai Tunau, ya yi kuka har da majina. Duk wanda ya zauna da mutane ya san irin kukan nan, ya kuma san abin da ke biyo bayansa.

Barmo yana da abin da Tunau ba shi da shi, wato baki. Tunau in falke ya taya dutse da wulakanci, sai ya ce masa ya je ya niƙa da duwawunsa. Barmo kuwa zai shimfiɗa wa falke tabarma, ya tambayi lafiyar jakinsa, ya sa shi dariya, ya rabu da shi yana godiya alhali an fi shi cin riba. Ba a jima ba ciniki duka ya koma hannunsa, Tunau ya ji daɗi, ya koma dajinsa da gudumarsa.

Abin da ke damun Barmo ɗaya ne. Fatake sun fi duwatsu yawa, kurma kuma ba ya sauri don kowa. Ga mashaya nan zube, kwana uku ka fasa, kwana biyu ka gyara, ido ba ya bambanta su. Gwajin ruwa kaɗai ya tsare hanya. Wata rana yana zaune a ƙofar Gwamma, man kaɗe ya zube mata a kan wani guntun mashayi da take tokare ƙofa da shi. Da ta watsa ruwan wanke-wanke, Barmo ya ga ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a kan dutsen, ya gangare bai shiga ba. Ya tashi yana murmushi.

Ya fara da mutum biyu, a bayan tudu. A shanya mashayi a rana ya yi zafi, a shafe shi da man kaɗe ya tsotse, a murza masa jan gari, a kanga shi a hayaƙi don wari ya ɓace. Sannan a sassaƙa sawun gwanki a gefe. Falke ya zuba ruwa, ruwa ya zame, ya ɗora wa jaki ya yi tafiyar wata guda. Kafin mai ya ƙare, yashi ya fara zuba a gari, mai dutse ya yi nisa. Mutum biyu suka zama goma. Kafin shekara ta zagayo babu gidan da hannunsa bai shiga ba, in ba na Tunau ba.

Gwamma ce ta gano. Ta ga kaɗanya ta yi 'ya'ya fiye da kowace shekara, amma mata na ta yawon aron mai don miya. Ta ga kiyashi sun ja layi zuwa inda ake jera duwatsu, ta kuma san kiyashi ba ya cin dutse. Da Tunau ya dawo daga daji ta ba shi ruwa, ta bari ya sha, sannan ta ce, "Auta, je ka shinshina duwatsunka."

Ya je, ya shinshina, ya kankare ɗaya da wuƙa. Ya tara mutane a fili da rana tsaka, ya zage su tas, gida-gida, da sunayen iyayensu. Ya ce musu kowane mashayi da suka fasa, tulu guda suka fasa a cikin randarsu. Barmo ya bari ya gama, ya durƙusa kamar mai ladabi.

"Baba, ran ka ya daɗe, kai ka san dutse, ba mai musu. Amma dubi wuyan matan nan. Da ka kawo su, wa ke da zane biyu? Yau wa ke cin miya ba gishiri? Dutse ne fa, Baba. Ga su nan har inda ido ya tsaya."

"Ranar da na ɗauko ka kana wari, wane ruwa aka wanke ka da shi?" in ji Tunau.

"Na Allah, Baba. Ko kai ka zuba shi a ciki?"

Aka yi dariya. Ita ce dariyar farko da aka yi wa Tunau a garin da ya kafa, ba kuma ita ce ta ƙarshe ba. Ba wanda ya ce ƙarya yake yi. Sun dai ce bakinsa ya yi kaushi, ya kamata dattijo ya san yadda ake magana. Haka mutane suke: in ba su da amsar abin da ka faɗa, sai su kama yadda ka faɗe shi.

Shekara uku aka yi ana sara. Garken da ya kwanta a gindin tudu ya riƙa raguwa, inda dutse yake sai rami da tarin ɓaraguzai. Ruwan sama da a da kan sami mai shanye shi, yanzu sai ya kwashi yashi ya yi gaba, ya bar kwazazzabo. Marmaron da ke gudu har ya shayar da lambu ya koma tafiyar hawainiya. Da ƙananan mashaya suka ƙare, ido ya koma kan Uwa.

Tunau ya hau kanta da kwari da baka, ya ce duk wanda ya kawo ƙarfe zai koma da kibiya. Na farko da ya matso, kibiya ta cake tsakanin ƙafafunsa, ya zubar da guduma ya ruga. Amma mutum ɗaya ba ya tsare dutsen da maza arba'in ba sa zagayewa. Yana gabas su huda yamma, yana yamma su huda gabas. Kuma waɗanda ke hudawar, shi ya ɗauko iyayensu daga garin kurkunu, wasu a bayansa. Hannunsa ya ƙi sakin kibiya ta biyu. Ran kwana tara kafaɗar Uwa ta gabas ta tsage da ƙara kamar aradu, ta faɗo. Tsofaffi sun ce cikin dutsen a jiƙe yake sharkaf, ya yi kwana uku yana zubar da ruwa ja-ja a ƙasa, a banza.

Bazarar da ta biyo baya, marmaro ya koma ɗigo. Mace kan kafa tulu da safe, ta ɗauka da azahar bai cika ba. Aka fara faɗa a bakin ruwa, aka fasa wa wata kai da ƙoƙo. Barmo ya bi gida-gida yana jajantawa, yana cewa cikin tausasa murya ai bakin Baba ne ya kama ruwan, tun da ya yi ta kiran ƙafewa har ta amsa. Aka yarda, don wannan bayanin bai hana kowa komawa sara ba. Har an huda sababbin ramuka a kafaɗar yamma, an tanadi marke.

Kafin a buga itacen ne baƙi suka iso. Wani barde ne daga wani birni na gabas, ana ce masa Cindo, da 'yan baka sittin a ƙasa, da jakai ɗauke da duwatsun niƙa. Ya sauka a fili, bai nemi masauki ba. Ya sa aka sauke dutse ɗaya, wata tsohuwa da ya zo da ita ta niƙa dawa a kai a gaban kowa, ta tuƙa tuwo. Ya sa aka kira dattawan gari, aka zaunar da su a rana.

"A garinmu ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana," in ji shi. "Bisimillanku. A tauna sosai, ban da haɗiya."

Suka ci. Ba a jin komai a filin sai garas-garas. Barde ya ce wa tsohuwar ta buɗe baki. Haƙoranta sun cinye har dasashi, kamar na tsohuwar akuya. Ya ce haka rabin matan birninsu suke, yara kuma na ciwon ciki, kuma mai birnin ya aiko shi ya kawo hannun da ke sassaƙa wannan sawu. Hannun kawai ake so, mai shi yana iya zama.

To, a nan ne za ka san garin da kake zaune. Kawuna ne kawai suka juya, ɗaya bayan ɗaya, zuwa inda Tunau ke tsaye. Barmo ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai ɗan dako ne da aka tsinta, ba zai iya buɗe baki a kan ubangidansa ba, amma kowa ya san mai sawun gwanki.

Tunau ya dube su, ya daɗe yana dubawa. Da Gwamma ba ta wurin, wataƙila da ya miƙa hannun don baƙin ciki kawai. Ita ta ratso taro da ƙwaryar toka a ka, ta dire a gabansa.

"Auta, ban goya ka don ka mutu da kunyar wasu ba. Wanke musu."

Ya ɗauko dutsen niƙan Gwamma, na farkon da ya taɓa sarawa, ya ajiye kusa da wani sabo da aka jera don fatake. Ya bar su a rana. Ba a jima ba sabon ya fara naso, yana ƙyalli, kiyashi suka doso shi. Ya goge su duka biyu da toka da ruwan zafi, ya bari suka bushe, ya miƙa wa Barde gora. Ruwa ya zame a kan na Gwamma. A kan ɗayan ya ɓace kamar an zuba a rairayi.

Barde ya tambaya wa ke shafa man. Gwamma ta ce ya leƙa tukwanen miyar garin, duk wadda ya ga ba mai, ya san inda man ya tafi. Ya aika aka leƙa. Tukunya ɗaya ce ke da mai a garin nan, ta Gwamma. Barde ya yi tsaki, ya ce bai zo da jakan da za su ɗauki hannuwan gari guda ba. Zai dawo bayan kaka biyu. Duk gidan da aka cuta a birninsu a sama masa dutse na gaskiya, in ba haka ba zai cike marmaron nan da tokar jinkunansu.

Sai ga shi a shekara ukun nan babu wanda ya riƙe yadda ake fasa kurma. Sun saba da mai sauƙi. Ba su san inda layinsa yake ba, ba su san zurfin rami ba, ba su da haƙurin wata guda. Waɗanda suka juya kai jiya, yau su ne a ƙofar Tunau, hula a hannu, Baba kaza, Baba kaza. Bai ce musu su zauna ba.

"Ba don ku zan yi ba," ya ce. "Ku da za a ƙone ku, ko tari ba zan yi ba. Ku ciro marken da kuka tanada wa Uwa, ku kawo nan."

Ya kai su gindin Uwa. Kowane magidanci ya sa harshe a inda aka tsage ta, ya rantse da cikin da ya haife shi cewa ƙarfe ba zai sake taɓa mashayi ba, daga shi har jikokinsa. Man kaɗe ba zai sake hawa tudu ba. Kuma ba dutsen da zai bar garin sai an wanke shi da toka a gaban mai saye. Barmo ne ya fara lasa, ya fi kowa ɗaga murya. Sannan Tunau ya sa suka kwashe ɓaraguzan mashaya da suka zubar, suka mayar cikin ramuka da kwazazzabai, don ruwan sama ya sami abin da zai tsaya a ciki.

Kaka biyu ya yi a cikin kuramen duwatsu, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, shi ke nemo layi, shi ke huda ramin farko, shi ke gyaran ƙarshe, don bai yarda da hannun kowa ba. Garin da ke tashi daga kurma in ana sara ba kamar na mashayi ba ne, siriri ne, mai kaifi, in ya shiga ƙirji ba ya fita. Tun damina ta farko ya fara tari. Ta biyu yana tofar da jini. Da Barde ya dawo, ya wanke kowane dutse da toka, ya zuba ruwa, bai mayar da ko ɗaya ba. Ya nemi ya ga Tunau, aka ce ba ya jin daɗi. Barmo ne ya tarbe shi, ya yanka masa rago, ya raka shi har bakin daji, kuma sunan Barmo Barde ya kai gida a matsayin mai gari.

Tunau bai ga bazara ba. Ranar da zai cika ya ce Gwamma ta ɗebo masa ruwan marmaro. Ta dawo da wuri, ya tambaye ta yaya aka yi ba ta daɗe ba. Ta ce ɗigon ya zama zare, tulu na cika kafin a gama gaisawa. Ya kurɓa, ya ce, "Rabi ne. Da ma rabin suka bari." Daga nan ya cika.

Mutum huɗu suka raka gawarsa. Sauran sun ce suna da aiki a gona. Gwamma ta sa aka binne shi a gindin Uwa, ta ɗebi ƙwarya guda ta zuba a kan dutsen, ta tsaya har ya shanye. Kullum ta zo ɗiban ruwa haka take yi, har ta rasu. Barmo kuwa ya yi shekara talatin yana sarauta, ya yi ƙiba, ya mutu a kan shimfiɗarsa cikin jikoki, makaɗa na kiransa uban marayu, mai mayar da dutse gishiri.

Garin yana nan, sunansa Tudun Barmo. Uwa tana nan da kafaɗa ɗaya, ga jerin ramuka a ɗaya kafaɗar waɗanda ba a taɓa buga wa itace ba, tsuntsaye na shan ruwa a ciki da damina. Marmaron bai taɓa komawa yadda yake ba, bai kuma taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun da rijiyoyin maƙwabta suka zama ramukan ƙadangaru. Har yau ba a hawa tudun da man kaɗe, ba a kai wa amarya dutsen niƙa sai an wanke shi da toka, kuma kowace mace ta zo ɗiban ruwa takan zuba ƙwaryar farko a kan dutse. Ka tambaye ta dalili, ta ce haka ta tarar.

In kuwa ka sami wani tsoho a inuwar Uwa ka ambaci Tunau, sai ya daɗe kafin ya tuna, sannan ya ce, af, wannan mai baƙin bakin da ya tona mana asiri a gaban baƙi. Ya faɗi haka, ya miƙa hannu, ya kamfaci ruwan, ya sha.